Iccen Jiratawa, Wutar Tibiri

Jika ɗari da hamsin, wato sefa dubu ɗari da hamsin, na ware wa Babbar Sallar bana, na kuma yi wa kaina alkawari ko dala ba zan ƙara a kai ba. Casa'in da biyar na rago ne. Ashirin da biyu sun riga sun tafi a shinkafa da man girki. Goma na kayan miya, tara na esansi, wato man mota, takwas goron Sallar yara, shida na icce. Bakin da za su ci kuwa sun kusa talatin, don bana a gidan surukaina na Tibiri muka yi Sallar, kuma a wuyana ta faɗo. Yayan maiɗakina ne ya saba kai musu rago duk shekara, irin ragon da sai ƙarti biyu sun riƙe shi. Bana kasuwa ta juya masa baya a can Agadas, ya bugo waya ya ce in rufa masa asiri. Ni sana'ata hatsi, kuma duk wanda ke wannan harka ya san farkon damina ba lokacin taɓa jari ba ne. Abin da ke hannuna na irin wake ne da manoma za su zo nema da an yi ruwan shuka. Saboda haka abin da na sa a gaba shi ne in cika akusan gidan suruki da waɗannan kuɗin kaɗai.

Ranar jajibiri, ana sallame asuba muka bar unguwarmu ta Zariya a Maraɗi mu uku: ni, da maiɗakina, da taubashina mai tsohuwar motar da ke yi mini jigilar buhuna. Yara mun riga mun tura su wurin kakanninsu. Motar nan sai an tura ta take tashi, ƙofar gefen da nake zama da igiya ake ɗaure ta, amma ba ta taɓa kwana da kayana a hanya ba. Mun yi ciniki da shi tun da wuri: in zuba esansi, in ba shi nama, shi ke nan. Ya ce ya yarda, don ubangida ba ya karɓar lada a hannun bawansa. Haka yake kirana tun muna yara, ni ma haka nake kiransa, har yau ba a raba gardamar ba.

Maraɗi ba ta yi barci ba. Kekunan teloli na ta ƙara a shaguna, masu wasa wuƙa sun kafa duwatsunsu a bakin kwalta, ƴan kabu-kabu na wucewa da mutum a baya rungume da rago kamar mai kai marar lafiya likita. Ba Tibiri muka nufa ba tukuna. Kudu muka yi, hanyar Jiratawa, don na zaga kasuwar dabbobi ta cikin gari sau biyu a makon, na ji farashin da ya sa na koma gida na sha ruwa. Ni ma ina dillanci a nawa fannin, na san abin da ake ɗorawa a kan kaya tsakanin ƙauye da birni. Wannan ɗorin ne ba ni da shi bana.

Hanyar ba ta da nisa, sai dai ramuka da jerin kamyo, manyan motocin kaya masu nufar iyaka. Wani jandarma ya tsayar da mu, ya duba takardu, ya leƙa bayan mota ya ga ba komai sai tamfol da igiyoyi, ya ce in mun dawo da ragon a tsaya ya gan shi. Gefen hanya gonaki duk an share su, an toya kara, ana jiran sama. Ana shiga kwarin Jiratawa sai ido ya canza abin gani: kore ko'ina, ruwa na bin ƙananan magudanai, injina na tari, ga zogale layi-layi, ga masara, ga tattasai ja wur. A bakin wani lambu muka karya da kunu da kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli. Mu uku dala sittin muka biya, mai abincin har da ƙara mana ludayi guda.

A nan mata ne ke kiwon ragunan Sallah a cikin gida, da dusa da harawa da ragowar ganyen lambu. Namiji baƙo ba ya shiga, don haka maiɗakina ce ke sallama ta leƙa, in ta ga abin kirki a fito da shi ƙofar gida. Gida na farko aka jawo mana wani farin balami, wuya kamar turmi. Mai shi ta ce jika ɗari biyu. Na yi masa addu'a muka wuce. Gida na biyu ragon ya yi kyau daga nesa, amma da na danna cikinsa sai na ji ruwa ne, an ba shi kanwa ya sha ya kumbura. A gida na uku muka samu wanda ya yi daidai da aljihuna: gajere, ɗaurarre, bayansa a cike. Na buɗe bakinsa na duba haƙora, shekarunsa sun kai. Na duba ido da kunne, na sa aka ja shi ya yi tafiya, ba ɗingishi.

Mai ragon tsohuwa ce, daga bayan zana take ciniki, ban ga fuskarta ba har muka rabu. Ta ce, “Alhaji, ɗari ne, ba ragi. Ragon ga da hannuna nake ba shi, abin da na ci shi yake ci.” Na ce, “Inna, ai shi ya sa bai yi tsawo ba.” Ta yi dariya ta ce bakin ƴan Maraɗi ya fi aljihunsu nauyi. Muka yi ta ja, ina tafiya ana kirana, har muka tsaya a tamanin da bakwai. Ta ce a bar mata igiyarta.

Taubashina ya zagaya ragon ya ce, “Bawana, wannan in an gasa shi sai an nemo shi da tocila.” Wannan bai dame ni ba, aikinsa ke nan. Maganar maiɗakina ce ta dame ni. Sai da muka ɗaure shi a mota ta ce, a hankali, na Yaya bara sai da aka cire kujerar baya kafin ya shiga. Gaskiya ta faɗa. Ragon lafiyayye ne, amma ba ragon mutum talatin ba ne.

Kayan miya a bakin lambu muka saya, ana tsinkowa ana zuba mana. Tumatir, albasa, tattasai, tugande mai yaji, kabeji, har da damin zogale, duka jika shida da rabi. A babbar kasuwa rabin wannan ba zan samu a goma ba.

Saura icce. Ku da kuka san Sallarmu kun san rago rabin aiki ne, wuta ce sauran rabin. Ba ma yanyanka nama mu soya a ranar. Feɗe shi ake yi, a buɗe shi, a miƙe shi a kan sanduna biyu da aka gicciya, a kafa shi a gefen babbar wuta a ƙofar gida, tun hantsi har faɗuwar rana. Kayan ciki kaɗai ake ci ran Sallah, sai washegari a raba naman. In wutar ta yi sanyi a tsakiyar rana, naman ya tafi.

Mai lambun da ya sayar mana da albasa yana da tarin icce a bayan rijiyarsa: wani tsohon mangwaro da ya mutu, da bagaruwa biyu da ya sare tun sanyi, sun bushe ƙayau, in ka buga biyu sai ka ji ƙara kamar ƙarfe. Na ce ya auna mini na jika shida. Ya ce shi ba ya raba shi, wurin yake so ya zuba iri kafin ruwa, ko in kwashe duka ko in bari. Ya ce ashirin da biyar, muka sauka a sha bakwai. Na yi lissafi a tsaye: abin da na rage a rago da kayan miya ya rufe ƙarin, kashi ɗaya cikin uku zai ishi rabonmu a wutar unguwar surukaina, sauran in sayar a gari in ninka kuɗina. Muka loda har motar ta zauna a kan ƙafafunta na baya, ragon a tsaye a bayan kan motar yana kallon duniya. Na ja tamfol na rufe, don hannun mai hatsi ba ya barin kaya a buɗe in damina ta kusa.

A hanyar dawowa taya ta sace. Muka tsaya wurin mai faci, taubashina na ta faɗa wa duk wanda ya wuce cewa nauyin ragon ne ya fasa ta. Jandarman nan ya ga ragon, ya ce ba laifi, ai niyya ake dubawa. Na gode masa, ko da yake ban ji daɗin ta'aziyyar ba.

Da muka shigo Maraɗi rana ta take. Icce ya yi tsada yadda na zata, har ya wuce. Ɗan tarin da mutum zai ɗauka a amalanke ɗaya ba tare da jakin ya ji ba, jika biyar ake cewa. Wani mai sayar da icce a bakin hanyar Yamai ya ɗaga tamfol ya ga kayan, nan take ya taya rarar jika talatin. Na ce talatin da biyar. Ya ce talatin. Maiɗakina ta nuna mini gabas, hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Na ce a raina, wanda ya taya talatin ran jajibiri, wani zai ba da arba'in da safen Sallah. Na ɗaure tamfol muka wuce.

Tsakanin Maraɗi da Tibiri tafiyar shan shayi ɗaya ce, amma ranar hanya ta cika da masu komawa gida: motoci da katifu a sama, moto mai ƙafa biyu ɗauke da mutum huɗu da kaza, amalanke cike da mata da ƙullin kaya. Iska ta fara kaɗawa da ƙamshin ƙasa lokacin da muka tsaya a ƙofar gidan. Na cire takalmi na durƙusa na gaida surukina, wanda nake kira Baba. Tsoho ne marar yawan magana, manomi, yana zaune a kujerarsa ta ƙofar zaure. Ya dubi ragon ya ce Allah ya yi albarka. Ya dubi tudun da ke ƙarƙashin tamfol ya ɗan jima yana kallonsa.

A unguwarsu gida bakwai ne ke haɗa wuta ɗaya, a wani fili da ke gaban masallaci. Kowane gida ya riga ya kai nasa iccen ya tara a can, an faskara, an jera. Ni ban sauke namu ba, don ban so a ga yawansa a fara yi mini kallon mai kyauta. Na sa taubashina ya matsa da motar jikin katanga, na ƙara duwatsu a bakin tamfol. Bayan la'asar kaɗan sama ta buɗe. Ruwa ne irin wanda manomi ke jira, mai ƙarfi, ba iska sosai, ya yi ta zuba har muka ci tuwon dare. Kowa a gidan murna yake, Baba har ya sa aka fito masa da irin gero ya duba.

Da safe muka je idi a kan jiƙaƙƙen yashi, kowa da tabarmarsa a kafaɗa, manyan riguna ana ɗage su kada su taɓa taɓo. Muka dawo aka yanka, aka feɗe, aka miƙe raguna bakwai a sanduna. Sai a lokacin aka tuna da icce. Filin nan kwari ne, ruwan unguwar duk nan ya taru. Iccen gida shida a cikin ruwa ya kwana, wani ma yana yawo. Aka kwaso aka tara a tudu, aka zuba kananzir, aka cusa kwali da tsumma. Sai hayaƙi fari mai sa hawaye, wuta ta kama ta mutu, ta kama ta mutu. Rana ta fito da zafin bayan ruwa, ƙuda sun fara zagaya naman. Mutanen da suka tara kuɗin shekara suka sayi rago suna tsaye suna fifita da faifai, fuska ba daɗi.

Ni kuwa ina gefe, zuciyata na buga lissafi. Busasshen icce a duk unguwar ni kaɗai ke da shi. Ban ce arba'in ba ma, na fara tunanin hamsin. Wani maƙwabci mai shagon kayan masarufi ya matso kusa da ni, ya rage murya ya ce, “Alhaji, abin da ke cikin motar ga, nawa za ka bar muna shi? Mu shida za mu haɗa.” Na gyara tsayuwa, na buɗe baki ke nan, sai na ji muryar Baba daga kujerarsa.

“Ɗana, a kwance musu tamfol ɗin nan.”

Na yi ciniki da Buzaye, na yi da Yarbawa, na yi da mutanen da ke kuka da hawaye a kan dala biyar, ba wanda ya taɓa rufe mini baki. Amma mutum ba ya taya kaya a gaban surukinsa, balle ya musa masa a bainar jama'a. Na sunkuyar da kai na ce, “To, Baba.” Taubashina ya haye motar da saurin da ban taɓa ganin ya yi a lodin buhuna ba. Duk gungumen da ya jefo sai ya faɗi kuɗinsa da ƙarfi: “Jika ɗaya ta tafi! Ga jika biyu nan, ku tare!” Mutane na dariya suna sa mini albarka, ni ina murmushin da ya tsaya a haƙora.

Wutar kam ta yi kyau, wannan ba zan ɓoye ba. Bagaruwa ta ba da garwashi, mangwaro ya ba da harshe, aka jera raguna bakwai a kewaye, aka jingina jiƙaƙƙen iccen daga baya yana shan zafi. Kitse ya fara ɗiga, ana yayyafa ruwan gishiri da yaji, ana juya sanduna. Daga cikin gidaje aka fara fito da soyayyen kayan ciki, hanta da tumbi da ƙoda, kowa na tura wa maƙwabcinsa kwano. Aka ɗora shayi a gefen garwashi. Ragona shi ne ƙarami a da'irar, shi ya fara nuna, taubashina ya ce ko a nan ma bawansa ya fi kowa sauri wajen gama ciniki. Na ci, na sha, na yi dariya, amma duk iccen da aka jefa a wuta sai na ji shi a aljihuna. Kafin magariba ko tsinke bai rage ba. Na shiga gida da tunani biyu: ribar icce ta ƙone, kuma gobe za a raba ɗan ragon nan a ga iyakarsa.

Washegari da hantsi mata suka shimfiɗa tabarma aka fara yanka. Maiɗakina na ware na dangin da za a aika wa, tana duban abin da ya rage, tana dubana. Baƙi daga ƙauyukan kusa sun fara isowa, ƴan'uwan Baba da ƴaƴansu. Ana cikin haka aka yi sallama, aka shigo da tire daga gidan mai shago. Na zaci ɗan rabon maƙwabta ne da aka saba, tsoka biyu uku. Da aka buɗe sai ga karfata guda cur, hannun rago tun daga kafaɗa. Ba a rufe tiren ba wani ya shigo. Haka har shida, biyu daga cikinsu na manyan balamai ne, kowace ta kusa cinyar ragona biyu.

Surukata ce ta warware mini. Ta ce a unguwar tun zamanin iyayensu haka ake yi: gidan da ya kafa rago a wuta bai kawo iccen da ya ci ba, karfata ɗaya ta mai icce ce. Yawanci gida ɗaya ne a shekara, wani lokacin ma ba ko ɗaya, shi ya sa ban taɓa gani ba. Bana ruwa ya mai da su shida. Da na fita gaida Baba ya ce, “Da ka karɓi kuɗinsu jiya, da kuɗi za ka zuba wa baƙin ga a kan shinkafa?” Na ce a'a, Baba. Ya ce to a ƙara wa direba nama, ya yi aiki.

An ci an ƙoshi. Shinkafa da miyar tumatirin Jiratawa, dambun zogale, nama a kan kowane akushi har ana ture shi gefe a nemo shinkafar. An aika wa dangi, an soya na ajiya, an cika wa taubashina kwano har murfi ya ƙi rufuwa. Na raba wa yara goron Sallarsu. Yayan maiɗakina ya bugo waya, aka ce masa nama ya yi yawa bana, ya ce in faɗa masa inda na samo ragon. Na ce sirrin kasuwa ne.

Da la'asar muka kamo hanyar gida, yara a baya inda icce ya zauna. Gonakin da muka wuce a share yanzu cike suke da mutane, namiji na sara rami da sungumi, mata da yara na bi suna jefa iri suna takewa, wasu ma da kayan Sallarsu a jiki. Kafin mu tashi, dattawan unguwa sun rako ni har mota, limaminsu ya riƙe hannuna ya ce wuta irin ta bana ba su taɓa yi ba, baɗi ma in Allah ya kai mu iccen Jiratawa suke so. Baba na zaune yana ji, ya gyaɗa kai.

Mun iso Zariya ana kiran magariba. Ga yadda lissafin ya tsaya. Rago tamanin da bakwai, shinkafa da mai ashirin da biyu, icce sha bakwai, esansi da faci da kunun hanya tara, goron Sallah takwas, kayan miya shida da rabi. Cikin jika ɗari da hamsin, dala ɗari, rabin jika ke nan, ta dawo gida a aljihuna. Jari ban taɓa shi ba. Na yi hasarar jika talatin da aka taya ni a bakin hanya na ƙi, wannan haɗamata ce, ba laifin kowa ba. Na samu karfata shida da ko jika hamsin ba za su saya mini ba a ranar, don ran Sallah ba mai sayar da nama. Abin da na koyo shi ne, a gidan biki mai lissafi ya fara tambayar yadda mutanen wurin ke biyan junansu kafin ya sa wa kayansa kuɗi. Sai abu na ƙarshe, wanda na sa a ɓangaren hasara tun yanzu: iccen gida bakwai na baɗi ya hau kaina, kuma ba kowace shekara ake ruwa ran jajibiri ba.